Ƙwayoyin Kashe Yunwa Da Likita Ke Rubutawa Don Rage Ƙiba: Tambayoyi Da Amsoshi

Wata ƙanwata ce ta sa na zauna na rubuta wannan. Saura wata biyu bikinta ta turo mini hoton wani kwali da ƙawarta ta zo mata da shi daga Afirka ta Kudu, an rubuta Duromine a jikinsa. Abin da ta tambaya shi ne: "Yaya, da safe ake sha ko da dare?" Ba ta tambayi ko maganin ya dace da jikinta ba, kuma rabonta da awon jini tun tana makaranta. Hankalina ya tashi, domin wannan ƙwaya tana taɓa zuciya. Tambayoyin da ke ƙasa nata ne da na wasu irinta. Sunayen magungunan na bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali, don wanda ya gani ya gane.

Waɗanne magunguna ake nufi?

Guda huɗu ne suka fi shahara: phentermine, da diethylpropion wanda a Turai ake kira amfepramone, da phendimetrazine, da benzphetamine. Dukkansu dangin amfetamin ne a ƙirarsu, wato suna cikin magungunan da ke zaburar da ƙwaƙwalwa, sai dai ƙarfinsu bai kai nasa ba. Phentermine ne aka fi rubutawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi tun 1959, kuma ana sayar da shi da sunaye irin su Adipex-P da Lomaira a Amurka, da Duromine a Afirka ta Kudu da Ostireliya. A Amurka duka huɗun suna cikin jerin magungunan da doka ta sa wa takunkumi, ba a ba da su sai da takardar likita.

Suna narkar da kitse ne?

A'a, a kan yunwa suke aiki. Akwai wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ke kula da jin yunwa da ƙoshi. Waɗannan ƙwayoyi suna sa jijiyoyi su saki sinadarin da jiki ke fitarwa a lokacin firgici ko shirin gudu. Wanda kare ya biyo ba ya tunanin tuwo, to kusan irin wannan yanayin maganin ke sa jiki a ciki, a hankali, na tsawon yini. Mutum zai zauna gaban kwano ya ci rabi ya ji ya ishe shi, kuma kwaɗayin ciye-ciye tsakanin abinci yana raguwa.

Wannan sinadarin dai shi ne ke ƙara saurin bugun zuciya, ya matse jijiyoyin jini, ya kori barci. Amfanin da illar daga tushe ɗaya suka fito, shi ya sa ba a iya raba su. Kuma wanda ya sha ƙwayar ya ci gaba da cin abin da ya saba, da lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu, sikeli ba zai motsa yadda yake so ba.

Wa ya cancanci a rubuta masa?

Likitoci suna amfani da wani lissafi na nauyi da tsayi da ake kira BMI. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba da tsayinsa a mita, a sake rabawa da tsayin. Ƙa'idar ita ce lissafin ya kai 30, ko kuma 27 idan akwai wata lalura da ƙibar ke ƙara wa ƙarfi, kamar ciwon suga ko yawan kitse a jini ko hawan jinin da magani ya riga ya daidaita. Misali, mace mai tsayin mita 1.60 sai ta kai kilo 77 kafin lissafinta ya kai 30. Namiji mai mita 1.70 kuma sai kilo 87.

Ƙanwata tsayinta ya kusa mita 1.65, nauyinta kilo 68. Lissafinta 25 ne. Ɗan tumbi ne ke damunta saboda ɗinkin biki. Babu likitan kirki da zai rubuta mata wannan magani, kuma yawancin masu nemansa a wajenmu irinta ne. Yara 'yan shekara 16 zuwa ƙasa ma takardar phentermine ba ta yarda a ba su shi kaɗai ba.

Me ya sa ake cewa na ɗan lokaci ne?

Takardar maganin ta ce "'yan makonni", likitoci kuma suka ɗauki hakan a matsayin mako 12, wato wata uku. Dalilai biyu ne. Na farko, a zamanin da aka amince da waɗannan magunguna ba a yi musu irin doguwar jarrabawar da ake yi wa sababbin magunguna yanzu ba. Na biyu, jiki yana sabawa. Bayan wasu makonni mutum kan ji yunwar ta fara dawowa, ko da yana shan ƙwayar kullum. A nan ne haɗarin yake, domin abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya ƙara, ya sha biyu maimakon ɗaya. Takardar maganin ta yi magana ƙarara a kan wannan: idan jiki ya saba, ba a ƙara yawan magani, dainawa ake yi.

Gaskiya ne cewa wasu likitocin Amurka suna barin marasa lafiyarsu a kan phentermine fiye da wata uku, kuma wani bincike da aka buga a 2019 a kan bayanan mutane kusan 14,000 bai ga ƙaruwar ciwon zuciya ga waɗanda suka daɗe suna sha ba. Amma waɗannan mutane ne da aka tantance tun farko, ana duba su a kai a kai. A Turai akasin haka aka yi: a 2022 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar janye amfepramone daga kasuwa gaba ɗaya, saboda an gano ana shansa fiye da wata ukun da aka ƙayyade, har da masu ciwon zuciya da masu ciki. Akwai kuma wani haɗi na phentermine kaɗan da maganin farfaɗiya da ake kira topiramate, sunan haɗin Qsymia, wanda FDA ta amince da shi a 2012 don amfani na dogon lokaci. Shi kuma yana iya sa a haifi jariri da tsagaggen leɓe idan mace ta ɗauki ciki tana shansa.

Kilo nawa mutum zai rage?

Ƙasa da abin da masu talla ke faɗa. Idan aka tattara binciken da aka yi, aka kwatanta masu shan phentermine da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, alhali duka ɓangarorin suna rage abinci, bambancin yakan tsaya a wajen kilo 3 zuwa 4. Na diethylpropion ma kusan haka ne. Wani zai fi haka, wani ba zai rage komai ba.

Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a wata uku. Mai kilo 90 ke nan ya rage kilo 4 da rabi. Idan bai kai ba, maganin bai karɓe shi ba, sai a daina. Kada a raina wannan kashi 5 ɗin. Ga mai suga ko mai ciwon gwiwa, yana iya zama bambanci tsakanin sallah a zaune da sallah a tsaye.

Me mutum zai ji a jikinsa?

Bushewar baki ce kan gaba, sai rashin barci, da taurin bayan gida, da ciwon kai, da jiri, da saurin fushi. Wasu hannunsu na rawa. Wasu kuma su ji gabansu na faɗuwa babu dalili. Wata maƙwabciyarmu da ta sha kafson da aka ce mata na rage ƙiba ne ta gaya mini cewa da dare takan kwanta ta ji bugun zuciyarta a cikin kunnen da ta ɗora a kan filo, har a kira assalatu idonta biyu. Ta ɗauka aljanu ne, kwana goma tana neman tofi kafin wani ya tambaye ta abin da take sha.

Saboda barci ne ake shan ƙwayar da safe, kafin karin kumallo ko awa ɗaya zuwa biyu bayansa. Direba da mai aiki da inji su yi hattara a kwanakin farko har su ga yadda maganin ke yi musu.

Su wa ne bai kamata su sha ba sam?

Duk wanda ya taɓa samun ciwon zuciya kowane iri, ko shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Mai hawan jinin da bai daidaita ba. Mai hawan jinin ido. Wanda sinadarin maƙoƙonsa ke aiki fiye da kima. Mai fama da firgici ko rashin natsuwa, da wanda ya taɓa faɗawa shaye-shaye. Mai ciki da mai shayarwa. Haka kuma wanda ya sha wani rukunin magungunan damuwa da ake kira MAOI, sai ya yi kwana 14 da dainawa, don haɗuwarsu na iya harba jini sama nan take.

Biyu daga cikin waɗannan sun fi damuna. Hawan jini yana da yawa a cikinmu, kuma ba ya ciwo, mutum sai ya shekara biyar da shi bai sani ba. Wanda bai auna ba ba shi da hurumin cewa ba shi da shi.

Na biyun masu jego ne. Bayan arba'in ne mata da yawa ke fara neman maganin tumbi, kuma a daidai wannan lokacin ne zuciyar mace ke da rauni. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kuma har yau arewacin Najeriya na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Mai jegon da ƙafarta ke kumbura, ko take haki idan ta kwanta, in aka ƙara mata ƙwayar da ke tilasta wa zuciya gudu, an ɗora wa mai rauni kaya. Ga kuma jaririn da ke shan nono. Don Allah iyaye da 'yan uwa su bar mai jego da tumbinta har ta yaye.

Me ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da su haka?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ƙarshen shekarun 1960 an sayar da wani maganin kashe yunwa mai suna aminorex a Suwizalan da Jamus da Ostiriya, sai aka ga mutane na kamuwa da hawan jini na jijiyoyin huhu, ciwon da a da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yana kisa. Aka janye shi.

A shekarun 1990 kuma aka shiga yayin haɗa phentermine da wani magani mai suna fenfluramine a Amurka, ana kiran haɗin fen-phen. Miliyoyin takardu aka rubuta. A 1997 likitocin asibitin Mayo suka ba da rahoton mata 24 da ƙofofin da ke cikin zuciyarsu suka lalace, kuma a watan Satumba na shekarar aka janye fenfluramine da ɗan uwansa dexfenfluramine. An bar phentermine saboda bincike ya nuna ɓarnar daga ɗaya maganin take.

A Faransa wani ɗan uwan fenfluramine mai suna Mediator ya ci gaba da zama a kasuwa har 2009. An yi masa rajista ne don masu suga, amma ana rubuta shi don rage ƙiba. Wata likitar huhu a garin Brest, Irène Frachon, ita ta dage har aka janye shi, kuma a 2021 kotu a birnin Faris ta samu kamfanin da ke yin maganin da laifi. Sai sibutramine, shi ma maganin kashe yunwa, wanda aka janye a Turai da Amurka a 2010 bayan gwaji a kan mutane kusan 10,000 ya nuna yana ƙara aukuwar ciwon zuciya na farat ɗaya da shanyewar jiki ga masu haɗarin ciwon. A riƙe wannan suna, zai sake fitowa a ƙasa.

Suna kama mutum kamar sauran ƙwayoyi?

Suna iya kamawa, shi ya sa doka ta sa musu ido. Ga wanda ke shan adadin da likita ya rubuta, haɗarin kaɗan ne. Matsalar takan fara ne idan mutum ya fara son kuzarin da ƙwayar ke ba shi fiye da rage cin. Wanda ya daɗe yana shan mai yawa, in ya daina rana ɗaya, kasala mai nauyi da baƙin ciki kan rufe shi. A sani kuma phentermine na iya fitowa kamar amfetamin a gwajin fitsari na farko, don haka mai neman aiki ko mai tafiya ya ajiye takardar likitansa. 'Yan wasa kuma an haramta musu shi a lokacin gasa.

Zan iya ci gaba da cin goro da shan shayi?

A rage sosai. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari duk suna zaburar da zuciya, ƙwayar kuma tana kan wannan aikin. Maganin mura da ke buɗe hanci, musamman mai pseudoephedrine, shi ma haka. A gaya wa likita duk abin da ake sha, har tramadol da magungunan damuwa da na gargajiya, ba tare da jin kunya ba. Mai suga da ke allurar insulin yana buƙatar kulawa ta musamman, domin in cin abinci ya ragu allurar ba ta ragu ba, suga na iya faɗuwa ƙasa har ya suma.

A watan azumi fa?

In aka sha da sahur, za a wuni da busasshen baki a cikin zafi babu damar shan ruwa. In aka sha da buɗa-baki, barci ya tafi, kuma ɗan abincin da jiki ke jira tun safe ba zai shiga ba. Ra'ayina shi ne kada a fara shi a Ramadan, wanda kuma azumi ya riske shi yana sha ya koma wurin likitansa tun a Sha'aban.

Shayin rage tumbi da kafson da ake talla a WhatsApp da Instagram, irinsu ne?

Wannan ce tambayar da ta fi shafar yawancinmu. Wasu daga cikin waɗannan shayin ganyen filasko ne ko wani abin sa zawo da yawan fitsari. Sikeli zai nuna an rage kilo biyu a kwana uku, amma ruwa ne ya fita, da an sha ya dawo. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu cewa "ganye zalla" alhali an zuba musu magani a ɓoye. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gwada irin waɗannan kayayyaki su tarar da sibutramine a ciki, wancan da aka janye a 2010. Mai saye bai san yana ciki ba, sau da yawa mai sayarwar ma ba ta sani ba, balle adadinsa.

Alamar a jiki take. Ganyen da ya kashe yunwa ƙurmus a rana ɗaya, ya busar da baki, ya hana barci, ya sa gaba faɗuwa, akwai abin da aka zuba masa. Lambar NAFDAC a jikin kwali abin dubawa ce, sai dai ana buga ta jabu, don haka a tantance ta. Kafson da aka ƙirgo a leda babu suna kuwa ba abin haɗiya ba ne.

Abin tausayi, sau da yawa a shago ɗaya ake sayar da wannan da sha-ka-fashe. Yarinya ta sha na ƙiba kafin aure don a ce ta cika, ta haihu biyu ta dawo neman na ramewa. Jikin ɗaya ne ake ja gaba da baya.

In na daina, ƙibar za ta dawo?

Ga yawancin mutane tana dawowa, sai in wani abu ya canza a cikin wata ukun. Jikin da ya rage nauyi yakan ƙara jin yunwa ya kuma rage ƙona abinci, yana neman komawa inda yake. Don haka amfanin waɗannan makonni 12 shi ne a samu sararin sauya hali a lokacin da yunwa ta lafa: a rage malmalar tuwo daga uku zuwa biyu a ƙara miyar ganye, a bar lemon kwalba, a rage sugan koko da na fura, a daina cin mai nauyi bayan isha'i, a saba da tafiyar minti 30 bayan asuba ko la'asar. Wanda ya kafa waɗannan yana da abin riƙewa ranar da ƙwayar ta ƙare. Likitan da ya rubuta magani bai zauna da mutum a kan abincinsa ba, rabin aikin ya yi.

Mene ne bambancinsu da allurar da ake yayi yanzu?

Allurai irin su semaglutide, da ake sayarwa da sunan Wegovy ko Ozempic, da tirzepatide, ba sa cikin masu zaburar da ƙwaƙwalwa. Suna kwaikwayon sinadaran da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, kuma an yi su ne don dogon lokaci. A gwaji, semaglutide ya rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, tirzepatide kuma wajen kashi 20. Sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma suna da tsada, suna buƙatar firij, suna sa tashin zuciya, kuma su ma in an daina nauyin kan dawo. An kuma samu jabunsu a kasuwannin duniya. Arahar phentermine ce ta sa har yanzu ake yawan rubuta shi.

In likita ya rubuta mini, me ya kamata a duba, kuma yaushe zan koma da gaggawa?

Kafin ƙwaya ta farko a auna jini da bugun zuciya da nauyi da suga, a tambayi tarihin ciwon zuciya a gida, mace kuma a tabbatar ba ta da ciki. A fara da mafi ƙanƙantar adadi. Phentermine na zuwa a miligiram 8 da 15 da 30 da 37.5, kuma mutane da yawa ƙaramin ya ishe su. A sake awon jini bayan mako biyu zuwa huɗu, a kuma san ranar dainawa tun ranar farawa. Ba a ba wa ƙawa ko 'yar uwa ragowar magani.

A ajiye ƙwayar a tafi asibiti a ranar idan aka ji ciwon ƙirji, ko haki a kan aikin da a da ba ya sa haki kamar hawa bene ko ɗaukar bokiti, ko kumburin ƙafa, ko suma, ko bugun zuciya mai tsalle-tsalle, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani. A tafi da kwalin maganin a hannu don likita ya ga sunansa da adadinsa.